Ɗan Farko a Gurbin Gefe

Ko yau in na ji an karya karan gero, ƙas, sai gabana ya faɗi. Da irin wannan karan kakana ya koya mini dara a Gangara, bayan an sa hatsi rumbu, rairayin ƙofar gida na da sanyin safe.

Ka san dara tun wurin zubi ake cinta. Gurbi talatin, 'ya'ya goma sha biyu kowa, kuma abin da ka dasa ya dasu, ba a ɗagawa. Tsoho kullum tsakiya yake fara kamawa. Gefe, in ji shi, na matsorata ne. Shekara da shekaru ba a taɓa cinye shi an tada shi ba a gasar ranar kasuwa.

Ina da shekara goma sha biyar na shiga gasar, don rawar kai kawai. Na ci wannan, na ci wancan, wai sai ga ni gaban kakana a wasan ƙarshe. Mutane suka yi ta shewa, jika zai kara da kaka. Ni ma dariya nake.

Ya ɗauki dutsensa na farko, ya lalubi ƙasa, ya sa shi gurbin gefe. A lokacin na gane abin da yake ɓoye mana a gida: yanar ido ta rufe mishi gani. Shi a zatonsa tsakiya ya dasa. Ga shi ba a magana kan dara, ba kuma a ɗagawa.

Wayyo, na rasa inda zan sa kaina. Sai ni ma na soka karana a gefe. Ya miƙa hannu ya shafa, ya ji inda yake.

"Kai, ɗan nema," ya ce a hankali, "ni za ka ji wa tausayi gaban jama'a? Yi wasan da na koya maka."

Na yi. Ina cin duwatsunsa ɗaya ɗaya, hawaye na ɗiga cikin gurabe, don ba ni da hanyar faɗuwa da ba zai gane ba. Da aka gama ya karkaɗe riga, ya ce in kama hannunsa mu tafi gida. Bai sake zama gaban dara ba har ya rasu.

Yanzu samarinmu a waya suke wasanninsu, in ka yi kuskure ka danna ka koma baya. Mu 'yan kaɗan ne muka rage kan rairayi. Abokan wasana na yi mini tsiya wai ɗana na farko kullum gefe nake sa shi, kamar matsoraci. Ban taɓa gaya musu dalili ba.