Kitson Sallama a Tanga

Kowace safiya, bayan ta idar da salla, Farfesa Mwanaidi Jumbe takan dafa shayi mai citta da kanumfari, ta buɗe tagar da ke fuskantar teku, sannan ta karanta abin da ta rubuta jiya da murya, domin kunne ya nuna mata inda jimla ta yi tuntuɓe. A safiyar wannan rana shayin ya dahu, tagar ta buɗu, amma babu abin karantawa. Littafinta na ƙarshe ya kammala in ban da babi guda, kuma wannan babin yana bakin ƙawarta Mwajabu, Bi Mwajabu a kiran girmamawa, wadda mantuwa ta kama, wadda kuma ɗanta zai zo washegari ya tafi da ita can garin Mwanza. Kowa ya san tafiya ce da ba dawowa. Mwanaidi ta saka rikoda a jaka, ta sayi wainar shinkafa mai madarar kwakwa a bakin layi, ta kama hanya a ƙafa.

A garin Tanga aka haife su, katanga ɗaya ta raba gidajensu. A zamanin ƙuruciyarsu, ɗaya daga cikin gidajen siliman garin yakan keɓe la'asar ɗin Lahadi ga mata zalla. Nan ake sauke mayafi, a ci gyaɗa, a zagi mugun fim da babbar murya, a yi kuka ba tare da jin kunyar kowa ba. Washegari kuma, matan da jego ko takaba ko tsufa ya tsare a gida sukan taru a tsakar gidan su Mwajabu ana kitso, ita kuwa ta ba su labarin fim ɗin tun daga farko. Ba ta jin yaren Indiya ko kalma ɗaya, amma takan sa wa kowane ɗan wasa magana a baki, ta yi muryar attajiri, ta yi ta bara. Ƙarshen labarin kuwa sai ta dubi masu saurare kafin ta yanke shi. Idan akwai mai takaba a wurin, miji ba ya mutuwa a fim ɗin. Idan akwai wadda ɗanta ya bi jirgin ruwa shiru, to ɗan da ya ɓata yakan dawo da tsaraba. Mwanaidi, da take zaune kusa da ita a silima jiya, ta san ba haka aka yi ba. Tun tana jin haushi har ta fara tambayar kanta: shin wanne ne fim ɗin gaskiya, na bango ko na tsakar gida?

Wannan tambaya ita ta ɗauka ta tafi da ita jami'a a Dar es Salaam, yayin da Mwajabu ta zauna ta kama ɗinki. A sashen adabi aka gaya mata cewa silima shagala ce, ba ilimi ba. Ba ta yi musu ba. Ta rubuta littafinta na farko a kan mawaƙan da ke yi wa juna raddi a shafukan jarida. Na biyu ya tsaya a kan Mzee Shauri, mai zana allunan talla a ƙofar silima, wanda yakan duhunta fatar jarumar fim ya ɗaura mata zanen kanga irin na matan garin, har mai wucewa ya ɗauka 'yar maƙwabta ce. Masana adabi suka ce ita ta masu zane ce, masu zane suka tura ta wurin 'yan fim, 'yan fim suka mayar da ita inda ta fito. Ta zama jemage, ba ta cikin tsuntsaye ba ta cikin dabbobi. Amma magana ɗaya take yi a ko'ina: waƙa ko zane ko fim ba su gama haihuwa ba sai sun shiga hannun mutanen da za su sake su daidai da bukatarsu. Da wannan magana ta zaga jami'o'in duniya, kuma a kowace lacca sai ta ambaci "wata mata a garinmu". Ta ɗauki muryoyin mutane masu yawa a ƙasashe masu nisa. Ita wannan matar kuwa tana nan kusa, kullum ana cewa sai wani zuwan.

Ta wuce ta gaban tsohon gidan siliman, wanda yanzu ake sayar da katifu a cikinsa, ba ta ɗaga kai ba.

Riziki, 'yar Bi Mwajabu, ita ta tare ta a ƙofa, hannunta duk igiyar ɗaure kaya.

"Goggo, sannu da zuwa. Yau fa sai haƙuri. Tun safe ta tambaye ni sau nawa ko ni 'yar wace ce."

"Me kika ce mata?"

"Na ce 'yar mai ɗinki. Ta ce Allah sarki, masu ɗinki ba su da alkawari."

Bi Mwajabu tana zaune a kan tabarma a inuwar tsakar gida, ta rame, gashinta fari a tsefe. Mwanaidi ta zauna gabanta, ta ajiye wainar, ta fito da rikoda ta kunna.

"Mwajabu, ni ce. Ina son ki ba ni labarin fim ɗin nan na 'yan mata biyu masu sayar da furanni a tashar jirgin ƙasa."

Tsohuwar ta dubi rikodar, ta gyara zama, ta ja mayafi ta rufe kanta.

"Sannu, Malama. Daga asibiti kuke? Ina shan maganin."

Mwanaidi ta sake gwadawa ta wata hanya, ta ambaci Lahadi, ta ambaci gyaɗa. Amsar ba ta canja ba, sai ladabi irin wanda ake yi wa baƙo. Riziki ta sunkuyo ta raɗa mata: "Ki tura ta ƙarƙashin tabarma mana, ba za ta sani ba."

Mwanaidi ta daɗe tana duban ɗan jan hasken rikodar. Wannan ce damar da ta rage, ta sani. Amma ta tuna yadda take hana ɗalibanta satar muryar kowa, balle ta wadda ba ta iya cewa e ko a'a. Ta kashe rikodar, ta mayar cikin jaka.

"Kawo mini kibiya da man kwakwa," ta ce wa Riziki. "Ba za ta shiga garin mutane da kai a tsefe ba."

Ta zauna a kan kujera 'yar tsugunne, ta jingina kan ƙawarta da gwiwarta, ta fara tsaga. Hannun ya manta aikin, kitson yana fita a karkace. Don ta kore shirun, sai ta fara ba da labarin fim ɗin da kanta.

"Akwai wasu 'yan mata biyu a wata tasha. Ita tashar, a nan, tana wakiltar rabuwa tsakanin ƙauye da birni..."

"Wakiltar me?"

Muryar ta fito daga ƙasa, a kaifafe. Mwanaidi ta tsaya da kibiya a hannu.

"Ke Mwanaidi, har yanzu ba ki iya ba? Mutum ya je har ƙasar Turawa ya dawo bai iya buɗe labari ba. Wa ya aike ki wakilci? Ana farawa da ruwan sama. Kuma ki sassauta hannu, ba buhu kike ɗinkewa ba."

"To ke da kika iya, bismilla."

"Da ma jiranki nake?"

Bi Mwajabu ta fara. Ruwa ya sauko a tashar, 'yan matan suka rufe furanninsu da gefen zane. Ta yi muryar mai sayar da tikiti, mai magana ta hanci. Ta yi ta attajirin da ya zo neman ɗayarsu aiki a birni. A tsakiya wani fim ɗin daban ya shigo da dokinsa, ta karɓe shi ba tare da ta girgiza ba, ta ba dokin aiki. Riziki ta saki igiya ta zauna a bakin ƙofa. Mwanaidi tana kitso tana dariya, zuciyarta kuwa tana kan jakar da ke gefenta, amma ba ta miƙa hannu ba.

Da labarin ya kai inda jirgi ya yi kuka, Bi Mwajabu ta waiga ta dubi fuskar mai yi mata kitso, duba na tsanaki.

"Ina akwatin naki mai jan ido?"

"Yana jaka."

"Kunna shi. Na san kanki rariya ne, kafin ki kai gida kin zubar da rabi, kin cike da Turanci."

Mwanaidi ta kunna, ta ajiye a fili a kan tabarma.

A fim ɗin bango, Mwanaidi ba ta manta ba, wadda aka bari a tasha ta bi jirgin da gudu har ta faɗi, ba ta tashi ba. Bi Mwajabu ta ce:

"Jirgi ya tashi da ɗayar. Ta samu wuri kusa da taga, ba wanda ya matse ta, aka ba ta shayi. Ita kuwa ta tasha ta ɗaga hannu har hayaƙi ya ɓace. Sannan ta kwashe furanninta ta koma gida, ta ci abincinta da zafinsa, ta yi barci. Da safe ta fito kasuwa, aka saye furannin tas."

"Ba ta bi jirgin ba?"

"Da waɗannan gwiwoyin?"

Bayan haka ta nemi waina, ta ci rabi. Can ta dubi Mwanaidi ta ce, "Malama, kin iya kitso kuwa? Ji nake kamar ya karkace."

"Ya ɗan karkace, Bi Mwajabu. Saura ɗaya."

Ta kama gashin da ya rage a bayan kunne, ta kitse shi a hankali har ƙarshe, ta shafa mai, ta ɗaura mata ɗankwali. Kafin la'asar ta koma gida. Ta saurari abin da rikodar ta kama: ƙarshen labari ne kawai, ba farko, ba tsakiya, ga ƙarar cokali da tarin Riziki a ciki. Ta kwafe shi kalma bayan kalma, ba ta gyara ko ɗaya ba, ta rubuta cikakken sunan Mwajabu binti Hamadi a saman babin, sannan ta tashi ta yi alwala.