Karen Injiniya Ya Zo Hutu

Cikin shekarun da na yi ina aiki a masaukin baƙi na bakin madatsar ruwan Goronyo, ranar da ban taɓa mantawa da ita ba ita ce ranar da kare ya zo mana hutu. Ina rubuta wannan ne saboda ku da kuka kama aiki bayanmu.

A lokacin ni ne mai kula da masauki, wato na biyu bayan Manaja. Ɗakuna shida gare mu, jere suna kallon ruwa. Aikina in tarbi baƙo, in ba shi makulli, in tabbatar bai rasa komai ba. Ba a riga an tabbatar da ni ba, ina cikin wata shida na gwaji, saura mako biyu su cika. Ma'aikacin gwaji kuwa ko takarda ba a buƙata wajen sallamarsa, baki ya isa.

Wata Alhamis, lokacin cirar albasa, Manaja ya kira ni daga Sakkwato. Ya ce wani dattijo na tafe daga Kaduna, injiniyan ruwa ne da ya yi ritaya, kuma shi ne ya riƙe Manajan lokacin da yake ɗalibi. Kwana huɗu zai yi, in kula da shi kamar mahaifina.

Bayan azahar Injiniya ya iso, shi ya tuƙo kansa. Ya fito rungume da wani farin abu kamar curin auduga, sanye da 'yar jar riga. Na ɗauka matashin kai ne, har na miƙa hannu in karɓa, sai abin ya yi atishawa.

"Wannan shi ne Kuki," in ji Injiniya. "Na marigayiya matata ne. Inda na kwana, nan yake kwana."

To, a bayan kowace ƙofa tamu an kafe dokokin gida, ta huɗu kuwa ta ce ba a shigo da dabba harabar masauki. Na ba baƙo kujera da ruwa, na zaga baya na kira Manaja.

"Malam Arzika, doka doka ta," ya ce. "Ni nis sa mata hannu. Kare ba shi kwana gidan nan."

"To, ranka shi daɗe, in ba shi haƙuri shi koma?"

"Wa? Injiniya? In yak koma Sakkwato yak kwana, kai ma ɗauki jikkarka ka bi shi." Ya kashe waya.

Da na yi wa Injiniya bayani, bai yi fushi ba. Ya ce yana da tanti a bayan mota, yana saurayi ma a tanti ya yi aikin hanyoyin ruwa. In samo masa wuri a bakin ruwa inda za a karɓe su su biyu, ya wadatar. In magariba ta yi ba a samu ba, zai juya Sakkwato ba tare da ya riƙe kowa a rai ba. Shi bai san cewa aikina zai juya da shi ba.

Muka shiga motarsa, karen a kujerar gaba, ni a baya. Muka fara da zangon masunta. Shugabansu ya tarbe mu da fara'a, ya ce wuri namu ne. Sai ya leƙa mota.

"Wanga kare na ko kyanwa ta?"

"Kare ne."

"Mi shika yi?"

"Ba ya yin komai," in ji Injiniya. "Hutu muka zo."

"Hutu? Mi yay yi har yag gaji?" Masunta suka fashe da dariya. Da ya gama dariyar sai ya ce mu yi haƙuri, nan suke salla, nan suke shanyar kifi.

Na buga wa wani ɗan uwana a Wurno mai lambu kusa da ruwa. Tambayar farko da ya yi mini ita ce mi karen ke yi. Wani abokina na Rabah ma haka. A nan na gane inda matsalar take. Mutanenmu ba ƙin kare suke yi ba, ga shi nan wajen maharba da makiyaya. Amma duk wanda ya zauna gaban malami ya ji cewa kare ana ajiye shi ne don farauta, ko kiwo, ko tsaron gona. Kare mai zaman banza ne ba a san inda za a sa shi ba.

La'asar ta yi sanyi muka isa gonar Baba Nomau, wani tsoho mai noman albasa. Gonarsa ta gangara har bakin ruwa, ga wata babbar tsamiya, ga albasar da aka cire an tara a ƙarƙashinta. Kafin ya yi tambayar na riga shi.

"Baba, na kawo maka mai gadin albasa na kwana huɗu, da ubangidansa."

Baba ya dubi Kuki, ya dubi rigarsa, ya daɗe yana shafa gemu.

"Arzika, ni ba ni yi ma Allah wayo. In gadi na, sai na gani da idona."

Aka jawo wata akuya aka sake ta wajen albasa. Ta zo ta sunsuni Kuki. Mai gadi ya yi wani ɗan kuka, ya shige ƙarƙashin rigar Injiniya, sai jela muke gani tana rawa. Manoman da suka taru har da masu zama ƙasa don dariya. Na dubi rana, ta kusa taɓa ruwa.

Injiniya mutum ne mai gaskiya. Ya ce wa Baba, "Abu ɗaya kawai yake tsarewa a duniya, takalmana. Wanda ya taɓa su ba ya shan daɗi."

Baba ya auna maganar kamar mai fatawa. Can ya ce, "To in takalman na bisa albasa, wanda yat taɓa albasa ai ya taɓa takalma. A aza su. Wa za shi yi ɓarawo?"

Sai kowa ya juyo yana kallona. Ni da nake jan salla a masallacin masauki.

Aka ɗora takalman a kan wani buhu. Na naɗe hannun riga, na yi istigfari, na sanɗo ta bayan tsamiya na ciccibi buhun. Wallahi ban san abin da ke cikin curin audugar nan ba sai ranar. Ya fito daga rigar Injiniya da wani haushi kamar ana yaga kwano. Na san a mazhabarmu jikin kare ba najasa ba ne, na karanta da kaina, amma ƙafafuna ba su karanta ba. Na yar da buhu na zura da gudu na gaskiya. Ban yi taku goma ba santsi ya kwashe ni, na faɗa cikin wani fangalin shuka da aka ba ruwa da safe. Kuki ya kama bakin rigata yana ja yana gurnani, hulata tana yawo a kan taɓo.

Baba Nomau ya zo ya tsaya a kaina, bai ko yi murmushi ba.

"Na shaida. An ɗauke shi."

Muka kafa tanti kafin a kira magariba. Na yi salla cikin aron riga mai warin albasa. Injiniya ya yi kwanansa huɗu cur a gindin tsamiya, mu muna kai masa abinci daga masauki, takalmansa kullum a kan buhu. Ya gaya wa Manaja bai taɓa hutu irin wannan ba. Bayan mako biyu takardar tabbatar da ni ta zo, Manaja kuwa har ya bar aiki bai taɓa tambayar inda baƙonsa ya kwana ba.

Abin da na koya shi ne, in mutumin ƙasar nan ya hana ka abu, kada ka yi jayayya da shi, kada kuma ka juya. Zauna ka ji dalilinsa, sau da yawa a cikin dalilin hanya take. Sai dai ku sani, in babba ya ba ku umarni biyu masu karo da juna, akwai wanda zai faɗa taɓo kafin su daidaita, kuma ba babban ba ne. Ni har yau in na bi ta fadama sai na ji an ɗaga murya: "A rufe albasa, ga Liman nan tafe!"