Bencin Baya a Cocinmu

A shekarun saba'in ni yarinya ce 'yar sha shida a wani ƙauye kusa da Kafanchan, kaina cike da ƙananan littattafan soyayyar da ake sayarwa a bakin tashar jirgi. Na yarda duk wanda ya tafi zai dawo a shafin ƙarshe. Saurayina ma'aikacin reluwe ne. Da na gaya masa ina da ciki, sai ya ce an yi masa canjin wurin aiki, ya hau jirgi da murmushinsa, har yau.

Dattawan coci suka sa ni a ƙarƙashin horo, wato zama a bencin baya ni kaɗai. A gida kuma Baba ya yanke cewa in na haihu, gwaggona da ke Kaduna, wadda ba ta taɓa haihuwa ba, za ta tafi da jaririn, ba zai ma san ni ba. Ni kuwa ina ta jiran jirgin da zai dawo da saurayina.

Wata Lahadi wata tsohuwa 'yar zumuntar mata ta bar kujerarta ta gaba, ta zo ta zauna kusa da ni, ta ce, matsa, 'yata, bencin ba na kakanki ba ne. Daga nan take kirana gidanta tsaga citta. Ba ta taɓa gaya mini abin da zan yi ba. In na fara kuka sai ta tambaya, wannan na tsoro ne, na fushi ko na kunya? In ta tambayi abin da nake so, sai in faɗi abin da saurayin zai so, ita kuwa ta yi dariya ta ce ba shi ta tambaya ba, shi ba ya jin shurin cikin. A hankali na koyi tsayawa in tantance zuciyata kafin in buɗe baki.

Ranar da gwaggo ta iso da zannuwan goyo, na durƙusa gaban Baba, na ce ɗana zai zauna wurina, zan yi aikin citta in ciyar da shi. Baba ya daɗe bai kula ni ba. Gwaggo ta yi kuka, kuma har gobe kukan nan yana damuna. Amma ban janye ba.

Na koyi cewa jira ba soyayya ba ne. 'Yan mata, kada ku miƙa wa kowa bakinku. Iyaye, kafin ku yanke wa yarinya hukunci, ku zauna kusa da ita ku tambaye ta. Ni dai har yanzu a bencin baya nake zama, ko za a turo wata yarinya horo in zauna kusa da ita.