Lamin biyu a hanyar Keita

Ranar wata Talata cikin bazarar 1996, ina tsakar gida ina yanka ganyen albasar da Inna za ta yi gabu da shi, sai na ji motar jandarma ta ja birki a ƙofar asibiti. Gidanmu na jikin katangar asibitin mishan ne, inda Baba yake aikin allura da ɗaurin miki, don haka tudun turmi kawai na taka na leƙa ta saman danga. Jandarma biyu suka sauko, suka kira Baba Alhusseini, Buzun da yake gadin ƙofa, suka zaunar da shi a ƙarƙashin bishiyar bedi kamar wanda aka kama da akuyar wani. Ɗansa Agali, ɗan ajinmu kuma abokina, yana tsaye riƙe da butar shayin uban, ya rasa inda zai ajiye ta. Masu jinya da masu tallar fura suka yi cirko-cirko. Shekaruna goma sha biyu a lokacin, kuma ko a mafarki ban zaci wasanmu ne ya kawo wannan mota ba.

Wasan nan a gidan wani likita Bature yake, wanda ya zo daga ƙasar Suwis da matarsa da ɗansu Luka. Luka sa'anmu ne, ya iya Hausa irin ta kasuwa, kuma duk garin shi kaɗai yake da ordinatar, wato kwamfuta. Idan na gama ɗebo ruwa da surfe, Agali kuma ya koro awakinsu daga fadama, mukan wanke ƙafa mu shiga mu zauna a kan tabarma mu uku, muddin akwai kuran, wato wutar lantarki. Yaƙi ne ake yi a cikin akwatin, amma yaƙi ne mai dabara, ya fi kama da dara fiye da langa. Za a ba ka 'yan mutane ƙanana ka tura su saran itace da haƙar zinariya, ka gina bukkoki da ganuwa, ka tara mayaƙa, duk a lokaci guda abokin gaba na can yana nasa shirin, ba ya jiran ka. Ni tun farko ban yarda da akwatin nan ba. Na rantse yana leƙen abin da nake yi, don duk inda na ɓoye mutanena nan yake aukowa. Luka ya yi ta dariya, amma har yau ban sauka daga wannan zargi ba.

Abin da ya fi ɗaure mini kai shi ne disket, ƙananan faifan ordinatar, da suke zuwa wa Luka ta gidan waya. Ya ce wasu masu son wasan ne a ƙasashe daban-daban, ba su san juna ba, kowa ya zana sabon filin yaƙi ko ya gyara wani abu da ya lalace a wasan, sai ya aika wa sauran kyauta. Na tambaye shi me suke samu, ya ce ba komai. Ni da na tashi ina ganin ko barkono maƙwabciya ta ba ka sai ta tuna maka ranar suna, ban gamsu ba, na ce lallai akwai abin da suke nema. Duk da haka, da ya ce mu ma mu zana namu filin mu aika musu, ni ce ta fara cewa to.

Garinmu muka zana. Muka sa rijiyar bakin kasuwa, da fadamar albasa, da tsaunin da ke gabas, da hanyar da ta miƙe zuwa Keita. Siffar mutanen ba ta canzuwa, sai muka yarda a tsakaninmu cewa dawakin da ke cikin wasan raƙuma ne. Muryoyinsu kuwa suna canzuwa. Luka na da wata 'yar makirfo ta ɗaukar murya, muka goge yaren da ma'aikatan cikin wasan suke amsawa da shi muka sa namu. Agali ne ya yi muryar mai haƙar zinariya, don shi ya fi mu iya kwaikwayon wanda aka aika yana jin ƙyuya. In ka taɓa ɗan mutumin sai ka ji ya ja murya ya ce, "To, na jiya, ga ni tahe." Muka yi dariya har uwar Luka ta leƙo ta ga ko lafiya.

Da Faransanci wasan yake, kuma ramin da ake haƙar zinariya a ciki lamin muke ce masa, yadda muka ji Luka yana faɗa. Mu 'yan lakwal ne, makarantar boko, waɗanda mushe, wato malaminmu, yake rataya wa ƙashin jaki a wuya in ya ji Hausa a bakinmu, saboda haka duk kalmar Faransanci da muka tsinta sai mun yi ta yawo da ita kamar sabon takalmi. Ba mu san cewa a bakin soja wannan kalmar tana nufin nakiyar da ake binnewa a hanya ta tashi da mota ba. Shekarun nan kuwa kunnen kowa a tsaye yake. An ce an yi sulhu da 'yan tawayen arewa, amma direbobi ba su daina kawo labarin tare hanya ba. Tsofaffin garinmu ma ba su manta zamanin da kakanninsu suke auna wa masu rawani hatsi ba, in Buzu ya wuce sukan amsa sallamarsa da baki, idonsu na bin bayansa.

A bakin ƙofar asibiti akwai teburin wani tsohon soja da ake kira Kaporal, yana sayar da goro da sigari da ashana. Nan muka tsaya wata rana bayan an tashi lakwal, muna gardamar inda za a sa ramukan zinariya. Agali ya ɗaga murya ya ce, "Ni dai lamin biyu nis sa bisa hanyar Keita, guda kuma gab da rijiya. Wanda duk yab biyo nan, mu ad da shi." Na tuna Kaporal ya daina kora ƙuda daga farantin goronsa. Ban ga ya tafi ko'ina ba, ban ji ya faɗa wa kowa ba, kuma ba ni da shaida. Amma kafin mako ya zagayo mata sun daina zuwa rijiyar bakin kasuwa, sun koma ta fadama mai nisa, masu amalanke suna ratsewa ta gonaki, kuma ko'ina ka tsaya zancen ɗaya ne: maigadin asibiti yana yi wa 'yan uwansa aiki, ɗansa ne ya yi suɓul da baka.

Ranar Talatar nan, da na gane abin da ake tambayar Baba Alhusseini, na yar da wuƙa na ruga gidan su Luka ko takalmi babu. Likitan da kansa ya fito cikin farar riga ya shigo da jandarma falonsa. Aka kunna ordinatar, garinmu ya bayyana, ga rijiya ga tsauni ga ramuka biyu a gefen hanyar Keita suna ƙyalli. Babban jandarman ya sa Luka ya taɓa ɗan mutumin da ke bakin ramin, sai muryar Agali ta fito, "To, na jiya, ga ni tahe." Mutumin ya yi dariya har ya cire hularsa ya share hawaye. Ya fita ya ba Baba Alhusseini hannu, ya ce ya yi haƙuri, suka hau motarsu suka koma Madawa. Na koma ga albasata da murna, a zatona magana ta mutu.

Ashe mutum biyu ne kawai suka ga akwatin, gari kuwa bai gani ba. Aka ce Bature ne ya rufa asiri. Aka ce in wasa ne, me ya sa aka zana rijiyarmu daidai inda take? Matan da suka saba sayen cuku da nono a wurin uwar Agali suka riƙa wuce bukkarta kamar ba su san ta ba. A lakwal yara suka bar masa benci shi kaɗai. A majami'a ranar Lahadi an yi addu'a a kan masu shaidar zur, kowa ya ce amin, amma ko Inna da ta san gaskiyar komai sai da ta ja ni gefe ta ce, "Ɗiyata, ki rage zuwa wurin mutanen ga, ba don sun yi wani abu ba." Wannan maganar ta fi ta kowa yi mini ciwo. Baba Alhusseini bai yi wa kowa bayani ba, ya dai ƙara jan rawaninsa har ƙarƙashin ido, yana buɗe ƙofa yana rufewa. Da aka gama girbin gero suka ɗaure kayansu a kan jakuna suka yi arewa. Agali ya tsaya a bakin dangarmu ya miƙo mini lardwazinsa, allon da yake rubutu a kai, ya ce can inda za su babu lakwal. Bayan 'yan kwanaki na ga Kaporal zaune a kujerar gadi, ya jawo teburin goronsa kusa da shi.

Su Luka ma sun koma ƙasarsu da shekara ta juyo. Kafin su tafi Luka ya ce mini ya aika filinmu da muryoyin duka ga mutanen nan nasa, na ce masa sun jefa a shara, wa zai damu da rijiyar wani ƙauye a Adar.

Yanzu ni ma allurar nake yi a Tawa, kuma ɗana yana da ordinatar da ta fi littafi sirantaka. Bara na same shi yana irin wannan yaƙin na saran itace da haƙar zinariya. Ya ce tsohon wasa ne, masu son sa ne suka hana shi mutuwa, suna ta gyara shi, sun kuma tara duk filayen da aka taɓa zanawa a wuri guda. Na ce ya nemi sunan garinmu, ina shirin yi masa dariya. Ya daɗe yana lalube, ina cewa ai na faɗa maka, sai ga rijiya, ga tsauni, ga hanyar Keita. Ban yarda ba tukuna, na ce ya taɓa ɗan mutumin da ke bakin ramin. Muryar yaro ta fito, da ƙyuyarta da komai, tana cewa ta ji, ga ta tafe.

Na zauna a bakin gado na sa ya maimaita mini. Mutanen da na zarga tun ina yarinya, waɗanda ba su taɓa ganin fuskar Agali ba, su ne suka adana muryarsa duk shekarun nan, mu da muka sha nonon gidansu muka kasa riƙe shi damina guda. Na tambayi direbobin arewa, na Abalak da na Cintabaradan, ba wanda ya san inda yake. Lardwazin na nan cikin akwatina, kuma shi har yanzu bai iso ba.