Katin Hajiya a City Island

Ni dai ba da sata na zo New York ba. Daga Zongon Kumasi na taso, ina kwana a unguwar Mount Hope, ina aikin kai abinci tebur a wani gidan cin kifi a City Island, tsibirin masuntan nan da ke gefen Bronx. Lokacin zafi titin kan cika da baƙi, ga soyayyen jatan lande, ga kaguwa, ga giya da kiɗa. Ni kuwa ƙafafuna kamar su cire.

Mutanenmu sun fi son kawo baƙinsu can, don kifi ba ya bukatar yanka. Amma tsoronsu miyar da aka zuba wa giya ko man alade. Da sun ji Hausa a bakina sai hankalinsu ya kwanta. Ni zan zaɓa musu abinci, in sun gama su miƙo min katin banki har da lambar sirri, kamar an aiki ɗan gida kasuwa.

Wani abokin aikina ya nuna min wata 'yar na'ura mai kwafe kati. Ya ce, "Banki ne zai biya, ba su ba." Na san ƙarya ce, wallahi na sani. Na karɓa.

Ran nan wata Hajiya mai aikin jinyar tsofaffi ta kawo yayanta da ya zo daga gida. Ta ce min, "Ɗana, kai ne idonmu a nan. Baɗi in Allah ya yarda ni da shi za mu Makka." Ta sa min albarka, ta ba ni katinta. Na shiga bayan kantar karɓar kuɗi na goga shi a na'urar nan.

Ba a yi wata biyu ba 'yan sanda suka zo har wurin aiki. Katunan da na kwafe duk na mutanenmu ne, to wa kuma za a nema? Shekara uku na yi a gidan yari, ba wanda ya leƙo ni. Ban ga laifin kowa ba.

Da na fito na nemi Hajiya. Na same ta tana jiran bas da kayan aiki a jikinta, ta rame, tana dafa gwiwa. Na durƙusa a gefen titi. Ta dube ni ta ce, "Tashi, ni na yafe. Yaya ne bai samu zuwa Makkan ba. Ya rasu bara."

Yanzu wanke-wanke nake yi, na gaji, ba ni da bakin yi wa kowa wa'azi. Amma ku samari, in wani ya sakankance da ku don kun yi masa yarensa, ku ji tsoron Allah. Ni na tuba, sai dai akwai wanda ba zan ƙara samunsa in roƙe shi gafara ba.