Kalmomi biyu a allon Alhaji Nomau

Ina bisa tsani da buroshi a hannu, Alhaji Nomau yana zaune a ƙasa yana kallona. Wajen 2006 ne, lokacin ina rubuta allunan shaguna a Konni.

Ni na rubuta allon shagonsa na taya: "Alhaji Nomau et Fils", wato shi da ɗansa. Sai Allah ya karɓi ran ɗan, Habibu, a haɗarin mota hanyar Dogarawa. Bayan sadakar arba'in, Alhaji ya kira ni in goge kalmomi biyun ƙarshe.

Na shafa farin fenti. Da ya bushe, jan rubutun ya sake fitowa. Na ƙara, ya sake fitowa. Laifina ne, jan fenti sai an kankare shi tukuna.

Na ce, "Baba, bari in ɗauko wuƙa in kankare."

Ya daɗe yana kallon allon, sannan ya ce, "Sauko, ɗana. Ni ma rufe shi kawai na yi a zuciyata, ban iya kankarewa."

Haka na sauko na bar shi. Ku fa, wane suna ne kuka kasa gogewa?