Ranar da Aka Fafe Jitar Gunji

Gunji muke ce masa, saboda in ya taɓa tsirkiyar ƙasa ta jitarsa, a ƙirji za ka fara jin amon kafin ya iso kunne. Ni ne mai gangar ƙungiyar, kuma tun muna da baƙin gashi nake zama a bayansa ina kallon ƙeyarsa. Motar ɗaga kaya ya tuƙa a wani sito har ya yi ritaya. Ƙarshen mako kuma mu yi kiɗa a zauren wani otal, inda mutane ke cin abinci suna hira, ba su cika ɗago kai ba sai mun yi shiru. Gajere ne mai faɗin kafaɗa, magana kuwa sai ka ciro ta daga bakinsa da ƙyar. Jitar bas yake kaɗawa, mai dogon wuyan nan da tsirkiya huɗu masu kauri, wadda ke riƙe gindin kiɗa. Tasa ja ce a da. Gumi da gogar hannu sun cinye fentin, har katako ya fito fili a inda hannunsa ke kwanciya.

Da ya haura sittin, kafaɗarsa ta hagu ta fara kai ƙara. Jitar tana da nauyi kamar ƙofa, kuma a tsaye yake rataye ta tun daga farkon wasa har ƙarshe. Yatsunsa suka koma kumbura da safe. Ita ma jitar ta tsufa, ta samu wani zuu da ba ya yankewa, sai ka ce ƙudan zuma ya shige cikin lasifika. Mu mun saba, ba ma ko jin sa.

Shugaban ƙungiyar yanzu ɗa ne ga marigayi abokinmu da ya kafa ta. Madugu muke kiransa, shi kuma yana kiranmu Kawu, don a gabanmu ya yi rarrafe. Wata rana da la'asar, bayan mun gama gwaji muna naɗe wayoyi, sai ya tsaya kusa da Gunji yana sosa wuya.

"Kawu, otal sun sa sababbin lasifikoki. Komai fita yake yanzu. Manaja ya yi mini magana a kan zuu ɗin nan, har sau biyu."

Gunji ya ci gaba da naɗe wayarsa.

"Kuma na ga kafaɗar tana wahalar da kai. Mai fiyano ya ce zai iya riƙe bas a fiyanonsa da hannun hagu, ko da na ɗan lokaci ne, ka huta."

"Zuwa yaushe manajan ya ce?"

"Ƙarshen wata, Kawu."

"To, a bar ni da ita."

A hanya na ce masa ya nemi sabuwa mara nauyi, kantuna cike suke da su. Ya ce hannunsa ya san wuyan wannan ko a cikin duhu, ba zai koma koyon wata ba da furfura a kansa. Abin da ya ƙudurta shi ne ya gyara ta ta dace da jikinsa na yanzu: a rage mata nauyi, a sa mata tsirkiya mai laushi, a canza maganaɗisun da ke ƙarƙashin tsirkiya suna ɗaukar amo, waɗanda makaɗa ke kira fikof.

Babbar 'yarsa tana da shagon gyaran rediyo da waya a bakin titi. Mace ce da yaranta, mai kaifin baki, shi kaɗai ke ce mata Injiniya. Can muka kai jitar. Ta kwantar da ita a kan tsumma, ta kwance murfin baya, ta leƙa, ta ɗago ta dube shi.

"Baba, wannan jita ce ko gidan gizo-gizo? Dubi wayoyin, fatarsu marmashewa take."

"Su suka biya miki kuɗin makaranta, ki yi musu ladabi."

Ta yi dariya, ta ce za ta sa a kawo fikof. Rage nauyi kuwa ba aikinta ba ne, sai kafintan da ke jikin shagonta.

Kafintan bai so ba. Ya juya jitar gaba da baya, ya ƙwanƙwasa ta da yatsa, ya ce shi ƙofa da gado yake yi, bai taɓa sa ƙarfe a jikin abin kiɗa ba. Gunji ya zana masa da alli inda za a fafe ta baya, a bar ramuka a ciki, a rufe da siririn katako. Ya ce in wani abu ya faru, laifin nasa ne.

Ina wurin ranar da aka yi aikin. An cire wuyan, an cire tsirkiyoyin, gangar jikin kaɗai ta rage a kan tebur, cikin garin katako. Gunji ya tsaya a bakin ƙofa, hannuwansa a baya, bai ƙyafta ido ba. Injin huji ya shiga, ya fito. Kafinta ya ɗauki kurfi yana sassaƙa a hankali, ɓawon katako yana naɗewa yana faɗuwa ƙasa. Ramin farko ya tafi lafiya. Na biyu ma haka. A na uku ne, wanda ke kusa da inda wuya ke zama, muka ji ƙas!

Kowa ya tsaya. Kafinta ya ajiye kurfin kamar ya ƙone shi. Tsaga ce siririya, kamar gashi, ta taso daga bakin ramin ta nufi mazaunin wuya, ta tsaya saura kaɗan ta kai.

"Wallahi ban matsa ba," in ji kafintan. "Katakon ne ya bushe."

Gunji ya matso, ya bi tsagar da farcensa.

"Za ta riƙe?"

"Zan ɗura mata gam, in matse ta, in sa mata ƙaramin katako ta ciki. Amma ba zan yi maka alkawari ba, Baba. Sai ranar da aka ja tsirkiya za a sani. In ta buɗe, wuyan zai tafi da ita."

Aka matse ta da ƙarfe aka ajiye a kan kanta, aka ce kada a taɓa sai gam ya bushe sarai. Wata kuwa yana ta ƙarewa. Kullum da hantsi sai Gunji ya zo ya tsaya ya kalle ta, ya koma. Na je gwaji ba tare da shi ba, na tarar mai fiyano ya riga ya koyi layin bas na rabin waƙoƙinmu, kuma babu laifi a yadda yake yi. Madugu ya ja ni gefe ya tambaye ni ina aka kwana. Na ce ana kan aiki. Ban gaya masa zancen tsagar ba, ban kuma gaya wa Gunji zancen mai fiyano ba.

Da fikof suka iso, Gunji ya ce shi zai haɗa wayoyin da kansa. Injiniya ta miƙa masa ƙarfen narkar da darma ba tare da musu ba. Ya sunkuya, ya kai bakin ƙarfen kan wayar, hannun ya hau rawa. Ya janye, ya ja numfashi, ya sake kaiwa. Ɗigon darma ya faɗi a gefe, saura ƙiris ya taɓa sabon fikof.

"Baba, kawo."

"Bar ni."

"Baba, in ka ƙona shi, kafin a kawo wani wata ya ƙare. Kawo. Ka riƙe mini fitila."

Ya daɗe yana kallon hannunsa. Sannan ya miƙa mata, ya ɗauki fitilar ya haska mata har ta gama.

Sai ranar jan tsirkiya ta zo. Kafinta ya bar aikinsa ya shigo shagon. Gunji ya ɗora jitar a cinya yana murɗa abin jan tsirkiya a hankali, kunnensa a jikin katako. Ta farko ta hau. Ta biyu ta hau. A ta uku wani abu ya yi ƙara, duk muka zabura, ashe tsirkiyar ce ta zauna a gurbinta. Ya ja ta huɗu, mai kaurin, yana murɗawa yana tsayawa. Kafinta ya duba tsagar da fitila, ya ce ba ta motsa ba. Aka jona waya a amfilifaya, na'urar ƙara sauti, aka kunna. Shiru. Babu zuu ko kaɗan, har Injiniya ta duba ko wuta ce ta ɗauke. Gunji ya taɓa tsirkiya ɗaya, gilashin kantar shagon ya amsa. Ya rataya jitar a kafaɗa, ya ɗaga, ya sauke, ya ce kamar ba a ɗora masa komai ba.

Na ɗauka an gama ke nan.

Ranar gwajin ƙarshe Injiniya ta rufe shago ta biyo mu. Muka fara da waƙa mai sanyi, komai ya tafi daidai, Madugu yana ta gyaɗa kai. Sai muka shiga mai sauri, wadda bas ke gudu a cikinta sama da ƙasa. A nan na ji abin da ban taɓa ji ba. Yatsa yana isowa a makare. Wani amon yana fita rabi. Har gogar fata a kan tsirkiya ana ji. Tsohon zuu ɗin da dusasshen amon sun daɗe suna lulluɓe wannan, sabon fikof kuwa ba ya ɓoye komai. Na rage gudun gangata don in jira shi, abin ya ƙara dagulewa. Madugu ya ɗaga hannu, muka tsaya.

Babu wanda ya kalli wani. Gunji ya murɗa wannan makunni, ya murɗa wancan, ya juya wajen 'yarsa.

"Injiniya, anya kin haɗa wayoyin nan daidai?"

Ta yi ƙasa da murya. "Baba, jitar lafiyarta ƙalau."

Ya tsaya haka, jitar a rataye, yana kallon ƙasa. Na ga Madugu ya buɗe baki zai yi magana, na girgiza masa kai.

"Na sani," in ji Gunji can. "A ba ni kujera."

Tunda nake da shi ban taɓa ganin ya yi kiɗa a zaune ba. Ya zauna, ya gyara jitar a cinya, ya kira mai fiyano da yatsa.

"Kai, na ji an ce ka iya gudun nan da hannun hagu."

Mai fiyano ya dabarbarce, ya fara rantse-rantse.

"Ba faɗa ba ne. Ka ɗauki gudun. Ni zan riƙe ƙasa, inda ƙafar mai ganga ta sauka, nan zan sauka. Mu ji."

Muka sake ɗauka. Inda a da yake zuba amo barkatai, yanzu ɗaya yake ajiyewa ya bar shi ya yi tsawo, sannan ya ajiye wani. Karon farko suka yi ta cin karo da mai fiyano. Karo na biyu ya ɗan daidaita. Muka yi ta maimaitawa har rana ta yi sanyi, gumi ya jiƙa masa riga. Daga ƙarshe Madugu ya ajiye makirfo ya ce, "Haka za mu yi ta ranar Asabar, Kawu." Gunji ya hau matsa yatsunsa ɗaya bayan ɗaya.

Ranar Asabar ɗin manaja ya tsaya a bayan zaure ya saurari waƙa biyu, ya koma ofishinsa, bai sake tayar da zancen ba. Gunji yana nan tare da mu, a kan kujerarsa, kusa da gangata. Akwai waƙoƙin da ko riƙe ƙasan ya fi ƙarfin yatsunsa, a waɗannan yakan ɗora tafinsa a kan tsirkiya ya saurara. Abin yana masa ciwo, kuma ba ya ɓoyewa. Ran da hannun ya tashi da kumburi, ko gaisuwa a taƙaice yake amsawa. Kwanan baya na biya ta gidansa na tarar da shi a tsakar gida da gwangwanin fenti, yana gwada kala a kan wani guntun katako. Ya ce tunanin shuɗi yake yi, me na gani? Na ce ya tambayi jikokinsa, ni ban san kan fenti ba.